Waƙafi bayan suna: fashin baƙi kan PhD, SAN, mni da sauran jelar da muke ɗaura wa sunaye

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga kati a Gombe lokacin bukukuwa, wato bayan ƙaramar sallah ko ƙarshen shekara, ya san ba kalar kati ce ke kawo rigima ba, ba kuma kuɗin aiki ba. Suna ne. Sunan ma ba shi kansa ba, jelar da ake ɗaura masa da rawanin da ake naɗa masa. Na daɗe a wannan sana'ar, katin aure, fasta, takardar jadawalin taro, kalandar ƙungiya, duk sun bi ta hannuna, kuma asarar da ta fi ci min rai ɗan waƙafi guda ne ya ja min ita.

Wani dattijo ne ya kawo mana jerin manyan baƙi na ɗaurin auren 'yarsa, rubutun hannu a bayan ambulan, yaron shagona ya zauna ya buga. Bari in sakaya sunayen. Abin da ya fito a katin shi ne: Alhaji Audu Wane, Majidaɗi, Alhaji Tanko Wane, Hajiya Binta Wance. Muka buga kati ɗari biyar muka ba shi ya tafi. Washegari da hantsi sai ga shi ya dawo da kwalin gaba ɗaya ya dire min a kan tebur, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Ɗana, ka naɗa wa Alhaji Audu rawanin da Mai Martaba bai naɗa masa ba." Na ce, "Baba, kamar ya?" Ashe sarautar ta Alhaji Tanko ce, kafin sunansa aka rubuta ta, Majidaɗi Alhaji Tanko Wane, yaron nan ya cusa waƙafi a tsakani, sai sarautar ta zama tana lilo tsakanin mutum biyu, mai karatu kuma a al'ada wanda ya riga ta zuwa yake ba wa. Wani ma zai iya ɗauka mutum huɗu ne, Majidaɗi daban yake. Daga aljihuna aka sake bugawa.

Toh daga ina wannan kuskuren yake fitowa? A ganina daga sunan alamar ne. Waƙafi kalmar Larabci ce muka aro, ma'anarta tsayawa, duk wanda ya yi makarantar allo ya san ta tun kafin ya san boko, nan ne inda malam zai ce tsaya ka ja numfashi. Da muka shiga firamare sai aka ce mana waƙafi wuri ne da mai karatu zai ɗan dakata. Ba ƙarya ba ne, amma rabin zance ne, kuma rabin nan shi ke ɓatar da mu in an zo kan sunaye. Don ka ji yadda mai gabatarwa ke kiran manya a wurin taro, ko maroƙi a ƙofar fada: Alhaji, ya ɗan tsaya, Dakta, ya ɗan tsaya, Injiniya, ya ja numfashi, sannan ya sako sunan da ƙarfi a yi tafi. Wannan dakatawar ta burgewa ce, ta baki ce, sai mai buga takarda ya kwashe ta ya zuba a rubutu, ka ga an rubuta Alhaji, Dakta, Injiniya, Audu Wane, kamar mutum huɗu ne suka zo. Waƙafi a rubutu aikinsa raba abu da abu ne don ido ya gane wanne ne na wanne, ko an ja numfashi ko ba a ja ba. Shi kansa baƙo ne a wurinmu, tsofaffin takardun ajami ba za ka gan shi a ciki ba, siffarsa ta yanzu daga maɗaba'ar Aldus Manutius ta birnin Benis a Italiya ta bazu, wajen ƙarshen ƙarni na 15, Larabci ma sai a 1912 Ahmad Zaki Basha na Masar ya fitar da tsarin alamomin rubutu da ake bi yanzu. Saboda haka ba abin kunya ba ne don yana ba mu wahala.

Abu mai sauƙin dai shi ne na kafin suna. Duk abin da ya zo kafin suna manne yake da sunan, ba a raba su: Malam Aminu Kano, Sanata Wane, Farfesa Binta Wance, Janar Yakubu Gowon. Ko guda nawa ka jera, Alhaji Dakta Audu Wane, babu waƙafi ko ɗaya. Shikenan an gama da wannan.

Na bayan suna shi ne mai aiki. Haruffan digiri, lambar girmamawa, shaidar ƙungiyar sana'a, duk ba suna ba ne, ƙarin bayani ne aka kawo a kan mai sunan, don haka ake ware su da waƙafi: Audu Wane, PhD. PhD ɗin nan shi ne digirin digirgir. Har nan kowa ya iya. Inda ake faɗuwa shi ne in jimlar ba ta ƙare a nan ba. Waƙafin nan tagwaye ne, ɗaya ya buɗe ɗaya ya rufe, kamar ka buɗe ƙofar zaure ka shigo da baƙo, ai sai ka mayar da ƙofar kafin ka ci gaba da hira. A rubuta: Audu Wane, PhD, zai gabatar da maƙala a Jami'ar Tarayya ta Kashere ranar Asabar. Na biyun nan da ke bayan PhD shi ne wanda kusan kowa ke mantawa, wallahi in ka ɗauki takardun taro goma da wuya ka samu biyu da suka rufe. In an bar shi, a tsarin jimla ka raba mai aiki da aikinsa, Audu yana can gefe shi kaɗai, PhD ne zai gabatar da maƙala. Amma in sunan ne ƙarshen jimla aya ta isa, ita ta haɗiye waƙafin rufewa: Babban baƙo mai jawabi shi ne Audu Wane, PhD. Haka in sunan shi kaɗai ne a layi, kamar a ƙasan wasiƙa ko a allon ƙofar ofis, ba abin da za a rufe tunda ba abin da ya biyo baya.

Akwai wani wuri da Hausa ta fi Turanci sauƙi, akwai kuma inda ta fi wuya, kuma ban taɓa jin malamin makaranta ya yi mana maganarsu ba. Mai sauƙin shi ne mallaka. Bature yana manna alamar mallaka a ƙarshen suna, in akwai PhD a wurin sai ya rasa inda zai liƙa ta, mu kuwa abin da aka mallaka ke fara zuwa: littafin Audu Wane, PhD, ya fito. Lafiya lau. Mai wuyar shi ne ne da ce. Waɗannan ƙananan kalmomin jingine suke da kalmar da suka biyo, har karin sautinsu daga ita suke ɗauka, shi ya sa in ka rubuta Audu Wane, PhD, ne ya rubuta littafin, ƙa'ida ta cika amma ido da kunne duk ba sa so, ne ɗin ya zama maraya. In ka cire waƙafin kuma ya zama PhD ne ya rubuta. Ni abin da nake yi in na ci karo da wannan, juya jimlar nake yi gaba ɗaya, ko in ce Dakta Audu Wane ne ya rubuta littafin, ko in ce wanda ya rubuta littafin shi ne Audu Wane, PhD. Ba dole sai an yi kokawa da jimla ba.

In haruffan sun fi rukuni ɗaya, kowanne a raba shi da ɗan'uwansa, na ƙarshe a rufe. Misalin da kowa ya saba gani a takardun gwamnati shi ne Farfesa Yemi Osinbajo, SAN, GCON, ko Mai Alfarma Sarkin Musulmi Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, CFR, mni. SAN matsayin manyan lauyoyi ne, GCON da CFR kuma lambobin girmamawa ne na ƙasa. Ku lura da mni ɗin nan da ƙananan baƙaƙe, ba kuskuren mai bugawa ba ne, haka ake rubuta shi. Shaida ce ta wanda ya yi babban kwas na cibiyar nazarin manufofi da tsare-tsare da ke Kuru kusa da Jos, wadda aka kafa a 1979, kuma irin waɗannan haruffan na kwasa-kwasai, har da psc da fdc na sojoji, ƙanana ake barinsu. Kwamfuta ba ta san wannan ba, wani sa'in da kanta take mayar da harafin farko babba, na taɓa samun wani babban ma'aikaci mai ritaya da ya ƙi karɓar kalanda saboda an rubuta masa MNI, ya ce shekara guda ya yi a Kuru ba don a zo a ɓata masa haruffa ba. A lokacin na ji haushi, yanzu na san shi ke da gaskiya.

Wanne ke fara zuwa? A Ingila abin a tsare yake, lambobin sarauta na ƙasa su ne farko, sai muƙamai irin na manyan lauyoyi, sai digiri, sai ƙungiyoyin masana, sannan na ɗan majalisa. Mu nan kowa da yadda yake yi, misalan biyu na sama ma sun nuna, ɗaya lambar ƙasa ce a ƙarshe ɗaya ita ce a farko. Shawarata ga mai buga takarda, ka nemi yadda mai sunan ko ofishinsa ke rubutawa ka kwafa harafi da harafi, kar ka ce za ka gyara masa. Amma yana da kyau a san lambobin kansu. Dokar lambobin girmamawa ta 1964 ce ta kafa su, gida biyu ne, na Tarayya masu ƙarewa da FR da na Neja masu ƙarewa da ON, kowanne hawa huɗu, jerinsu daga sama GCFR, GCON, CFR, CON, OFR, OON, MFR, MON. A al'ada babba yana haɗiye ƙarami in gidansu ɗaya, wanda yake da OFR aka ɗaga shi zuwa CFR ba sai ya jera duka biyun ba. Amma in gida daban ne ana iya ajiye su tare, shi ya sa za ka ga an rubuta Goodluck Jonathan, GCFR, GCON. Digiri kuwa a jami'o'inmu daga ƙarami ake hawa zuwa babba, in za a faɗi inda aka yi sai a sa cikin baka biyu ba tare da waƙafi tsakaninsa da digirin ba: BSc (Zariya), MSc (Kano), PhD (Bauchi). Wannan na littafin yaye ɗalibai ne ko takardar neman aiki. A katin ɗaurin aure dan Allah a bar mu da babban kawai, wanda ya yi digirin digirgir mun san ya yi na farko, ba sai ya nuna mana tsanin da ya taka ba.

Yanzu ga wadda ta fi jawo min musu da kwastomomi: Dakta Audu Wane, PhD. Maimaici ne. D ɗin da ke cikin PhD ita ce Dakta ɗin, daga Latin aka gajarta, ka ga kenan ka faɗi abu ɗaya sau biyu, kamar ka ce Alhaji Audu wanda ya je Hajji. Ɗaya ake zaɓa, ko Dakta a gaba ko PhD a baya. In na faɗi haka sai mutum ya ce min ai so yake a gane shi ba likita ba ne, kuma wannan dalili ne mai kyau, don na san wani malamin tarihi da tsofaffin unguwarsu suka dama da maganar ciwon gwiwa tunda suka ji ana ce masa Dakta. Amma maganin ai shi ne ya ajiye Dakta ya riƙe PhD, magana ta fito sarai. Shi likita MBBS yake da shi, digiri ne na farko guda biyu a haɗe, na magani da na tiyata, Dakta ɗinsa na sana'a ne, in ya ƙware ya zama babban likita sai ka ga FWACS ko FWACP ko FMCP sun biyo, duk da waƙafi a tsakani. Kamfanin dillancin labarai na AP a Amurka ma saboda wannan ruɗanin a ƙa'idarsu likitoci suke bar wa Dakta kafin suna. Mu da Hausa ta ba mu kalma biyu, Likita da Dakta, da mun riƙe su da kyau da ba mu sha wannan wahalar ba. Farfesa Dakta kuma da wasu ke rubutawa salon Jamus ne da Turkiyya da Masar, a can daidai ne, a nan Farfesa kaɗai ya wadatar.

Akwai inda maimaicin ya halatta fa, kar wani ya kama ni. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, KBE. Lambar girmamawa ta KBE ɗin da Ingila ta ba shi a 1960 ita ta jawo masa Sir ɗin da muke cewa Sa, amma al'adar Ingila tare ake rubuta su. Tunda na ambace shi, a shekarar nan ta 1960 Jami'ar Sheffield ta ba shi digirin girmamawa, amma ka taɓa jin an ce Dakta Tafawa Ɓalewa? Ka je kabarinsa a Bauchi ka tambayi duk wanda ka samu a wurin. Digirin girmamawa bayan suna ake rubuta shi, LLD ko DLitt ko DSc, a haɗa da alamar h.c. mai nuna cewa na karramawa ne ba na zaman aji ba. Abin ya yi yawa a ƙasar nan har shugabannin jami'o'i suka zauna a Keffi a 2012 suka fitar da matsaya kan yadda za a riƙa bayar da shi, ciki har da daina bai wa masu riƙe da muƙamin gwamnati, amma har yau in ɗan siyasa ya samu, kafin ya iso gida daga wurin bikin an riga an kira mu a waya a ƙara Dakta a fasta. Su kuma masu rubuta PhD su manna masa "in view", wai suna kan yi, wannan ba matsalar waƙafi ba ce, abin da ba ka karɓa ba ba ka da wurin ajiye shi, ai ba a ce wa maniyyaci Alhaji tun yana sansanin alhazai.

Lauyoyi nasu daban ne. Esq bayan suna yake zuwa da waƙafinsa, kuma ba a haɗa shi da wani laƙabi kafin suna, ko Barista Audu Wane ko Audu Wane, Esq., ba duka ba. Hasali ma kwamitin ladabtar da lauyoyi na ƙasa ya taɓa yanke cewa saka Barista kafin suna bai dace da ƙa'idar sana'ar ba, duk da a bakin Bahaushe Barista ta riga ta zauna, ba mai tumɓuke ta. SAN kuwa matsayi ne da aka fara bayarwa a 1975, Cif Rotimi Williams da Dakta Nabo Graham-Douglas su ne na farko, kullum bayan suna yake. Injiniyoyi da masu zanen gini da masu haɗa magunguna sun fi son nasu a gaba, injiniyoyin kuma su ƙara MNSE ko FNSE a baya, akantoci ACA ko FCA in 'yan ƙungiyar ICAN ne, CNA ko FCNA in 'yan ƙungiyar ANAN ne, ma'aikatan jinya RN da RM. 'Yan'uwanmu Kirista na wajen Billiri da Kaltungo da suka je ziyarar ibada Urushalima sukan sa JP bayan suna, ka ga abin sha'awa, Alhaji yana gaba ba waƙafi, JP yana baya da waƙafi, ba don ɗaya ya fi ɗaya ba, mazauninsu ne kawai ya bambanta.

Sai abin da ke zuwa bayan suna amma ba ya karɓar waƙafi, don shi cikin sunan yake. Lambar sarakuna ita ce ta farko: Mai Martaba Sarkin Gombe Alhaji Abubakar Shehu Abubakar III, wanda ya hau gadon a 2014. Tsakanin Abubakar da III babu komai, in da Hausa ka rubuta ma haka ne, Abubakar na Uku, don lambar ita ke bambanta shi da masu sunan da suka gabace shi, ba ƙarin bayani ba ce. Waƙafin da kuka gani bayan III a jimlar nan na zancen da ya biyo baya ne. Jr. na Amurkawa, wanda ake sa wa ɗa mai sunan mahaifinsa, a da ana sa masa waƙafi, har yau tsofaffin littattafai haka suke rubuta sunan Martin Luther King, amma kundin ƙa'idojin rubutu na maɗaba'ar Jami'ar Chicago tun bugu na 14 a 1993 ya ce a daina, yawancin jaridunsu ma ba sa sawa. Namu na gida da ya yi kama da wannan shi ne sunan gari da laƙabi. Sa'adu Zungur, Aminu Kano, Shehu Shagari, Tafawa Ɓalewa, duk sunayen wurare ne suka zama suna, ba a raba su. Audu Kumo mutum ne mai wannan sunan ko a Legas yake zaune, amma Audu Wane, Kumo, adireshi ne, kana faɗa mana inda yake. Haka Audu Mai Shayi, haka Janar Wane mai ritaya, a tafi da su a haɗe.

Mu dawo kan sarautar gargajiya tunda ita ta cinye min kuɗi. Tana iya zuwa ta kowane ɓangare. In bayan suna ta zo, hukuncinta ɗaya da PhD, a buɗe a rufe: Sanata Bala Mohammed, Ƙauran Bauchi, ya halarci taron. Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya, Ɗan Majen Gombe, ya aiko da wakili. Misali nake bayarwa, ba wani taro aka yi ba. In akwai haruffa kuma su ke fara zuwa sannan sarautar, don sun fi kusa da sunan: Atiku Abubakar, GCON, Wazirin Adamawa. In kafin suna ta zo, hanya biyu ce kuma duka suna tafiya. Kana iya ɗaukarta a matsayin laƙabi ka manne, Talban Gombe Ibrahim Hassan Dankwambo ya ce kaza. Kana kuma iya ɗaukar sarautar a matsayin ita ce mai maganar, sunan ya zama ƙarin bayani, a nan sunan ne za a killace: Talban Gombe, Ibrahim Hassan Dankwambo, ya ce kaza. 'Yan jarida sun fi yin na biyun. Abin da ba ya yiwuwa shi ne rabi da rabi, a buɗe ba a rufe ba, ko a rufe abin da ba a buɗe ba. Kuma a cikin jerin sunaye da yawa, na farkon nan na mannewa shi kaɗai ne mai tsira, don da zarar ka sa waƙafi bayan sarauta a cikin jeri ka koma gidan jiya, katin dattijon nan.

Addu'ar da muke bin suna da ita ma ƙarin bayani ce, Malam Sa'adu Zungur, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 1958. Rahimahullah da hafizahullah duk haka. In ka zaɓi saka ta cikin baka biyu to baka ta riga ta yi aikin killacewar, kar ka ƙara mata waƙafi kafin ta.

Jerin sunaye shi ne inda komai ke cakuɗewa, don waƙafi yana aiki biyu a lokaci guda, yana raba mutum da digirinsa yana kuma raba mutum da mutum, ido ya rasa wanne ne wanne. Duba wannan: Audu Wane, PhD, Binta Wance, MBBS, FWACS, Tanko Wane, SAN, Ladi Wance. Sai ka bi da yatsa. Turawa da waƙafi mai ruwa suke warware wannan, wato mai ɗigo a sama, shi ya raba mutane, ƙaramin ya raba haruffa: Audu Wane, PhD; Binta Wance, MBBS, FWACS; Tanko Wane, SAN; Ladi Wance. Yana aiki a Hausa ma. Amma mu muna da abin da ya fi wannan dacewa da bakinmu, wato da. Bahaushe ai ba da waƙafi yake jero mutane ba, cewa yake da wane da wane da wane, kowane suna da nasa da. Toh a rubuta haka mana: waɗanda za su yi jawabi su ne Audu Wane, PhD, da Binta Wance, MBBS, FWACS, da Tanko Wane, SAN, da Ladi Wance. Duk inda ka ga da ka san sabon mutum ya shigo. Da yaron shagona ya rubuta Alhaji Audu Wane da Majidaɗi Alhaji Tanko Wane da Hajiya Binta Wance, da ba a yi asarar ko kati ɗaya ba. A kan kati ko fasta kuwa mafi sauƙi kowa a ba shi layinsa, in wuri ya yi kaɗan a rage girman rubutu, ya fi a cusa mutum uku a layi ɗaya.

Wani zai ce ai shi ya ga takardun Ingila ba waƙafi sam. Gaskiya ne, salon da ya fi yawa a can yanzu tazara kawai ake bari, Sir Keir Starmer KCB KC MP, haka gwamnatinsu ke rubutawa, ba waƙafi ba ɗigo. Amurkawa su ke riƙe da waƙafi. Mu da muka gaji boko daga Ingila muke kuma karanta Amurka a intanet kullum, sai muka tsinci kanmu a tsakiya, takarda ɗaya salo uku. Duka biyun daidai ne, sharaɗin kawai in ka fara da ɗaya ka ƙare da shi, kar shugaban taro ya samu waƙafi babban baƙo ya rasa, don akwai wanda zai karanta wannan a matsayin raini, na ga an yi. Ni a rubutun Hausa na fi son mai waƙafin, dalilina kuwa haruffan nan baƙi ne a cikin jimlar Hausa, wanda bai yi boko mai zurfi ba in ya ga Audu Wane MON a haɗe zai iya ɗauka sunan kakansa ne Mon. Maganar ɗigo ma haka take, Ph.D. da PhD duk sun halatta, AP na sa ɗigo, Chicago ta fi son a cire, Jami'ar Oxford ma nata DPhil take cewa. Wanda bai halatta ba shi ne Phd da PHD da P.hd, waɗanda su na fi gani a allunan ofisoshi. In ka zaɓi mai ɗigo, ɗigon ƙarshe ba ya hana waƙafin rufewa zuwa, Audu Wane, Ph.D., ya iso, amma in a ƙarshen jimla ne ɗigo ɗaya ya isa, ba a jera aya biyu. LLB na lauyoyi kuma L biyun ba kuskure ba ne, a Latin haka ake nuna jam'i in an gajarta kalma, dokoki ake nufi ba doka ɗaya ba, saboda haka L.L.B da ake rarrabawa da ɗigo ba daidai ba ne.

Saura waƙafi guda da ba na digiri ba amma a cikin suna yake zama, shi ne na juya suna. In ka ga an rubuta Ɓalewa, Abubakar Tafawa, a jerin ɗakin karatu ko na jarrabawa, waƙafin yana gaya maka an dawo da sunan ƙarshe gaba ne. In ya faɗi, Wane Audu ya zama mutum daban da Audu Wane, kuma duk wanda ya taɓa zirga-zirgar gyaran suna tsakanin banki da ofishin katin ɗan ƙasa ya san abin ba wasa ba ne. A irin waɗannan fom ɗin ma gurbin suna na suna ne zalla, Alhaji da Injiniya da PhD duk a waje ake barinsu. Wani kwastoma ya taɓa sa ni in cike masa fom a intanet, ya dage sai na sa masa Injiniya a gurbin sunan farko, na ce ranka ya daɗe satifiket ɗinka na haihuwa ba haka ya ce ba, ya ce shi dai a sa. Na juya masa allon kwamfutar na nuna masa ƙaramin gurbin laƙabi da ke sama, ya leƙa ya ga abin da ke ciki bai wuce guda biyar ba kuma babu Injiniya, ya yi tsaki ya ce toh a sa Mista.